GIDAJEN AJIYE MATATTUN KUNAMU DA GIZO-GIZO, DA DALILIN DA YA SA ƘONEWARSU TA ZAMA BABBAN RASHI

Da safiyar ranar Asabar, 15 ga watan Mayu na shekarar 2010, gobara ta tashi a wani gini na Cibiyar Butantan da ke birnin Sao Paulo cikin ƙasar Birazil. Ko da 'yan kwana-kwana suka ci ƙarfin wutar, an tarar babu wanda ya rasu, babu kuwa kuɗi ko wata kadarar ciniki da ta salwanta. Abin da ke cikin ginin matattun halittu ne jere a kwalabe, watau macizai kimanin 80,000 da kuma gizo-gizo da kunamu waɗanda rahotannin lokacin suka ƙiyasta yawansu da 450,000. Wutar ta cinye mafi yawan macizan, ta kuma yi ɓarna mai yawa a ɓangaren gizo-gizo da kunamu. Masana kimiyya na ƙasashe da yawa suka ɗauki wannan abu a matsayin babban rashi ga duniya baki ɗaya.

To, mai karatu zai iya tambaya, ina abin baƙin ciki don mushen kunama ya ƙone? Ai kowa ya ga kunama a tsakar gida takalmi yake nema, in ya kashe ta kuwa shara ce makomarta. Wannan tambaya tana bisa hanya. Amsarta ita ce, waɗannan kwalabe su ne shaidun da ake komawa gare su duk lokacin da ake son tabbatar da sunan wata halitta, kuma sai an san sunan abin da ya harbi yaro, ko ya cinye gona, ko ya sa wa shanu cuta, sa'an nan ake sanin maganin da ya dace da shi.

YADDA AKE AJIYE SU

Gizo-gizo da kunama da kaska dangin juna ne. Abin da ya haɗa su shi ne ƙafa takwas idan sun girma, alhali fara da ƙuda da sauro ƙafa shida gare su. A cikin wannan dangi kuma akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsi da ido bai cika ganinsu ba, kamar wanda ke shiga fatar mutum ya haddasa ƙazwa, da waɗanda ke tsotse ganyen amfanin gona.

Mai ajiye fara ko malam-buɗe-littafi yakan soke shi da allura ya bar shi ya bushe cikin akwati. Gizo-gizo ba ya jure wannan, domin cikinsa laushi gare shi, da ya bushe sai ya yamutse har a kasa gane shi. Saboda haka ake nutsa shi cikin sifirit, watau ruwan nan mai saurin kama wuta da ake goge wa mutum hannu da shi a asibiti kafin a yi masa allura. Akan haɗa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na sifirit da ruwa kaɗan. Kowane samfur yana da 'yar kwalbarsa kamar tsawon yatsa, a toshe bakinta da auduga, kana a tara irin waɗannan 'yan kwalabe da yawa cikin babbar kwalba mai cike da sifirit, a rufe. 'Yan mitsi-mitsin nan kuwa sau da yawa akan shimfiɗa su a kan ɗan gilashi da wani irin danƙo mai haske, a rufe da wani gilashin, don a duba su a madubin likita.

Abu mafi daraja a cikin kwalbar shi ne wata 'yar takarda da ake sakawa ciki tare da halittar. A kanta ake rubuta garin da aka kama ta, da kwanan wata, da sunan wanda ya kama, da kuma inda aka same ta, ko ƙarƙashin dutse ne, ko cikin ɗaki, ko a kunnen saniya. Ana rubutun da fensir ko wata tawada da sifirit ba ya wankewa. Kunamar da takardarta ta ɓace ta zama kamar wasiƙar da ba ta da adireshi, amfaninta kaɗan ne.

Aikin mai kula da irin wannan ma'ajiya ba ya ƙarewa. Sifirit yana tsiyayewa sannu a hankali ta bakin murfi, don haka dole a riƙa bin kwalabe ɗaya bayan ɗaya ana ƙara musu, shekara da shekaru. In an yi sakaci kwalba ta bushe, abin da aka adana shekara 100 zai lalace. Haɗari na biyu kuwa a fili yake: ɗakin da ke ɗauke da dubban kwalaben sifirit tamkar gidan mai ne, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

KOWANE SUNA DA SHAIDARSA

Tsarin ba wa halittu suna na kimiyya ya kafu ne a ƙasar Suwidin. A shekarar 1757 wani masani mai suna Carl Clerck ya buga littafi a kan gizo-gizon ƙasarsu, a 1758 kuma Carl Linnaeus ya fitar da bugu na 10 na babban littafinsa na rarraba halittu. Daga nan ne ake lissafin sunayen da masana dabbobi ke amfani da su har yau. Kowace halitta suna biyu gare ta cikin harshen Latin, na farko na gida, na biyu nata na kanta, kuma sunan ɗaya ne ko a Sin ko a Masar ko a Birazil.

Ƙa'idar da aka zo aka tsayar ita ce, duk wanda ya ce ya gano sabon iri, sai ya bayyana siffarsa a rubuce, ya kuma ajiye ainihin samfurin da ya duba a wata ma'ajiya inda kowane masani zai iya zuwa ya gani. Wannan shi ake kira samfurin asali. Shi ne ke riƙe da sunan, kamar yadda mudun hukuma ke raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa a kasuwar hatsi. In bayan shekara 80 aka kama wata kunama a wata ƙasa, aka yi ta musu ko ita ce waccan ko wata ce dabam, sai a ɗauko samfurin asali a ajiye su gefe da gefe.

Bambancin da ake nema ƙanana ne ƙwarai. A wajen gizo-gizo akan duba jerin idanu da siffar gaɓoɓin haihuwa. A wajen kunama akan ƙirga haƙoran wani abu mai kama da mataji da ke ƙarƙashin cikinta, da kuma waɗansu siraran gasu da ke kan hannuwanta. Wani Bafaranshe, Max Vachon na gidan tarihin halittu na Paris, shi ne ya tsara hanyar ƙirga waɗannan gasu a 1974, kuma masana kunama suna bin tsarin nasa har yanzu. Hoto ko zane ba ya nuna dukan waɗannan abubuwa, musamman zanen mutanen da, waɗanda sau da yawa sukan bayyana sabon iri cikin layi huɗu ko biyar kawai.

Yawan abin kuwa ya wuce yadda ake zato. Gidan tarihin halittu na birnin Bern a ƙasar Suwizalan shi ke riƙe da babban kundin sunayen gizo-gizo na duniya, kuma a watan Afrilu na 2022 aka shigar da iri na 50,000 a cikinsa. Kunamu sun haura iri 2,500, kaska kuwa kimanin iri 900. Wani Bafaranshe guda, Eugène Simon, wanda ya rasu a 1924, shi kaɗai ya raɗa wa dubban irin gizo-gizo suna, kuma samfuransa suna nan a Paris ana aiki da su.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Tarihin Cibiyar Butantan kanta ya isa misali. An kafa ta a 1901 ƙarƙashin wani likita mai suna Vital Brazil, da farko don yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta ɓulla a tashar jiragen ruwa ta Santos a 1899. Amma zuciyar likitan tana kan saran maciji, wanda ke kashe manoma da yawa a ƙasar. A wancan zamani wani likitan Faransa, Albert Calmette, ya haɗa makarin dafi daga dafin wani irin gamsheƙa na ƙasashen Asiya, ana kuma zaton zai yi aiki a kan kowane maciji. Vital Brazil ya gwada shi a kan dafin macizan ƙasarsu, ya ga bai yi ba. Shi ne ya tabbatar cewa makari yana bin irin dafin da aka haɗa shi da shi.

Yadda ake haɗa makarin kuwa shi ne, a tatsi dafin, a riƙa yi wa doki allurarsa kaɗan-kaɗan har jinin dokin ya samar da abin da ke karya dafin, sa'an nan a ɗebi jinin a tace. Ke nan in an tatsi dafin wata halitta dabam bisa kuskure, dokin zai ba da makarin abin da ba shi ne ke cutar mutane ba. Don samun dafin, cibiyar ta shirya da manoma su riƙa aiko mata da macizai ta jirgin ƙasa, ita kuma ta ba su makari. Da tafiya ta yi tafiya, jama'a suka riƙa kawo gizo-gizo da kunamu su ma. Ta haka ne ma'ajiyar ta cika, kwalba bayan kwalba, fiye da shekara 100.

Duk da wannan ƙwarewa, an taɓa yin kuskure mai tsawo a kan gizo-gizo. A Birazil akwai wani cizo da ke sa fata ta ruɓe, ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Tun daga shekarun 1920 aka ɗora laifin a kan wani babban gizo-gizo na gidan Lycosa, mai yawo cikin ciyawa a bakin gidaje, har aka haɗa makari musamman dominsa aka yi ta amfani da shi shekaru masu yawa. Dalili kuwa shi ne babba ne, kowa na ganinsa, don haka duk wanda ya tashi da gyambo shi yake zargi. Ashe mai laifin wani ɗan ƙaramin gizo-gizo ne mai launin ƙasa na gidan Loxosceles, mai ido shida, wanda ke ɓuya cikin tufafi da bayan kaya, kuma cizonsa ba ya zafi a lokacin da ya yi shi. Wani likita a ƙasar Chile ya nuna haka tun 1937, a Birazil kuwa sai cikin shekarun 1950 aka gane.

Abin da ya rufe maganar shi ne wani bincike da aka buga a 1990. Likitocin asibitin cibiyar suka duba takardun mutum 515 waɗanda Lycosa ya ciza, kuma kowannensu ya zo da gizo-gizon da ya cije shi, masana suka tabbatar da sunansa. Ba a sami ruɓewar fata irin wadda ake jingina masa ba. An daina yin wancan makari. Wanda cibiyar ke yi a yau na dafin Loxosceles ne, da na wani gizo-gizo mai faɗa da ake kira Phoneutria, da na kunamun gidan Tityus. Da ba don akwai masu iya tantance suna, da kuma kwalaben da suke gwadawa da su ba, da har yanzu ana bugun jaki ana barin taiki.

KUNAMA BA ƊAYA BA CE

Ga wanda aka harba, kunama kunama ce. Ga likita kuwa akwai tazara mai nisa tsakaninsu. Cikin iri fiye da 2,500 da aka sani, waɗanda harbinsu ke iya kashe mutum 'yan kaɗan ne, kuma kusan dukansu 'yan dangi ɗaya ne da ake kira Buthidae. Alamar da aka fi lura da ita ita ce siraran hannuwa da kakkaurar wutsiya. Baƙar kunamar nan mai girma ta dazuzzukan Afirka ta Yamma, mai manyan hannuwa, tana da ban tsoro a ido, amma harbinta bai kai na 'yar ƙaramar rawayar kunamar hamada ba.

Wani lissafi da masana 2 na Faransa suka buga a 2008 ya nuna cewa kunama tana harbin mutum kimanin miliyan 1 da 200,000 a duniya kowace shekara, fiye da 3,000 kuma suna mutuwa, yawancinsu yara ƙanana. A Birazil kaɗai, daga 2017 harbin da ake kai wa asibiti ya haura 100,000 a shekara. Mai yawan yin wannan ɓarna ita ce rawayar kunama Tityus serrulatus, wadda aka raɗa wa suna a 1922. Macen tana haihuwa ba tare da namiji ba, saboda haka in guda ɗaya ta shiga cikin lodin bulo ko katako aka kai ta wani gari, ta isa ta cika unguwa. Takardun da ke cikin kwalabe su ne ke nuna garin da ta fara bayyana da shekarar, ta haka hukumar lafiya ke sanin asibitocin da ya kamata a kai wa makari.

Wannan matsala ba ta tsaya a Birazil ba. A yankin hamadar Sahara, har da jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, akwai kunamun gidan Androctonus da Leiurus masu mugun dafi, kuma yara ne suka fi shan wahalarsu. A watan Nuwamba na 2021 ruwan sama mai ƙarfi ya fito da kunamu daga ramukansu a Aswan ta ƙasar Masar, suka harbi mutum fiye da 500. Shekaru da yawa ana ɗaukar kunamun Leiurus kusan iri ɗaya ne tun daga Afirka har ƙasashen Larabawa, sai da masana suka sake duba samfuran da ke gidajen tarihi tare da sababbin da aka kama, suka ga iri ne da dama. Wannan ya shafi masu haɗa makari kai tsaye, domin dole su san daga bakin wace kunama suke tatsar dafi.

ƊAN ƘWARON DA YA CECI ROGO

Amfanin waɗannan ma'ajiyoyi ya kai har gona. A 1971 aka fara ganin wani ɗan mitsitsin koren ƙwaro mai ƙafa takwas a gonakin rogo kusa da Kampala ta ƙasar Yuganda. Yakan zauna a bayan sabon ganye yana tsotsa, ganyen ya yi ɗige-ɗigen rawaya, ya ƙanƙance, ya zube, saiwar kuma ta ƙi girma. Iska da jigilar iri suka yi ta yaɗa shi, ya iso Nijeriya a wajejen 1979, kafin tsakiyar shekarun 1980 ya game kusan dukan ƙasashen Afirka masu noman rogo. Inda ya yi tsanani manomi yakan rasa fiye da rabin amfaninsa. Nijeriya kuwa ita ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, don haka abin ya taɓa tukunyar miliyoyin gidaje.

Tambayar farko ita ce, wane ne wannan baƙo, daga ina kuma ya fito? Da masana suka gwada shi da bayanai da samfuran da ke ajiye, sai aka ga ɗan Amurka ta Kudu ne, mai suna Mononychellus tanajoa, wanda aka fara bayyana shi a jihar Bahia ta Birazil a 1938. Can ne asalin rogo kansa. A can kuwa ƙwaron ba ya yin irin wannan ɓarna, domin akwai waɗansu danginsa da ke cinye shi.

Cibiyar binciken aikin gona ta IITA mai hedkwata a Badun ta shiga neman waɗannan maƙiya nasa. Na farkon da aka kawo daga ƙasar Kolombiya cikin shekarun 1980 ba su zauna ba. Sai aka koma arewa maso gabashin Birazil, inda yanayin rani da damina ya yi kama da na Afirka, tare da taimakon masanan ƙasar. A 1993 aka saki wani iri mai suna Typhlodromalus aripo a Jamhuriyar Benin. Shi wannan yakan ɓuya a cikin tohon rogo da rana, da dare ya fito farauta. Ya zauna, ya yaɗu zuwa ƙasashe kimanin 20, kuma a gonakin gwaji an ga amfanin rogo ya ƙaru da kusan kashi 1 bisa 3, ba tare da manomi ya sayi maganin feshi ba.

Abin lura a nan shi ne, masu cin ƙwaron da ƙwaron kansa duk ba su kai ƙwayar gero ba, kuma dangin masu farautar suna da ɗaruruwan iri masu kama da juna. Ba a iya raba su sai an shimfiɗa su a gilashi an ƙirga gasun bayansu. Shi aripo tun 1967 wani masani ya bayyana shi daga tsibirin Trinidad, ya raɗa masa suna, ba tare da sanin zai yi wa kowa rana ba. Bayan shekara 26 sai ga shi manoman Afirka sun ci moriyar wannan aiki.

KASKA MAI BA DA LABARIN BAYA

Kwalba takan kuma amsa tambayar da ba a yi tunaninta ba a ranar da aka rufe ta. Babbar ma'ajiyar kaska ta ƙasar Amurka, wadda aka mayar wata jami'a a jihar Jojiya a 1990, tana da kaska fiye da miliyan 1. Da yawa daga ciki Harry Hoogstraal ne ya tara su, wani masani da ya yi shekaru yana aiki a Alƙahira, ya kuma buga babban littafi a kan kaskar ƙasar Sudan a 1956.

A 1990 masu bincike suka ɗauko waɗansu kaska da aka kama a yankin New York tun shekarun 1940, suka sami alamar ƙwayar cutar da ake kira Lyme a jikinsu, alhali likitoci ba su san wannan cuta da sunanta ba sai a shekarun 1970. Haka kuma a 2017 aka ga wata kaskar gabashin Asiya a jikin tunkiya a jihar New Jersey, aka zaci sabuwar zuwa ce. Da aka koma kan tsofaffin samfura sai aka tarar tana ƙasar tun 2010, an dai yi mata kallon wata kaskar gida ce mai kama da ita. Sanin haka ya canja shirin hukuma, domin baƙon da ya shekara 7 yana hayayyafa ya wuce a tare shi a bakin ƙofa.

GOBARA TA BIYU

Bayan gobarar Butantan an gina wa abin da ya tsira sabon gini mai kariyar wuta, aka kuma shiga tara sababbin samfura. Amma darasin bai kai ko'ina ba. Ran Lahadi, 2 ga watan Satumba na 2018, da dare bayan an rufe ƙofa, wuta ta kama babban gidan tarihi na ƙasa da ke Rio de Janeiro, wanda ya cika shekara 200 a wannan shekara, yana kuma ɗauke da kaya kimanin miliyan 20. Ginin ba shi da na'urar yayyafa ruwa. Famfunan kashe gobara na kusa da shi ba su kawo ruwa ba, sai da aka ɗebo daga wani tafki. Binciken 'yan sanda ya nuna wutar ta faro ne daga na'urar sanyaya ɗaki. Ma'ajiyar gizo-gizo da kunamu, wadda ke cikin babban ginin, ta ƙone, har da samfuran asali na Mello-Leitão, mutumin da ya kafa wannan fanni na ilmi a Amurka ta Kudu. Abin da ya tsira shi ne kayan da ke waɗansu gine-gine na dabam, da 'yan samfuran da aka ba masanan waje aro.

Doka ta yarda in samfurin asali ya salwanta a koma inda aka kama na farko, a kamo wani a naɗa shi a madadinsa. Faɗar haka tana da sauƙi. Yawancin dajin gaɓar tekun Birazil, inda aka tara waɗannan halittu, an sare shi, ya zama gonaki da unguwanni. Akwai irin da sau ɗaya tak aka taɓa kama shi. Irin wannan yanzu sunansa kawai ya rage a takarda, babu abin da za a gwada da shi.

Yawancin samfuran asali na kunamu da gizo-gizo da kaskar Afirka suna Landan da Paris da Balin da Tervuren ta ƙasar Beljiyam, domin can masu tara su na zamanin mulkin mallaka suka kai su. A Afirka ta Yamma akwai ma'ajiyoyi, kamar ta IITA da ke kusa da Kwatano, da waɗanda ke jami'o'i da cibiyoyin binciken gona da na dabbobi. Bukatunsu ba su da yawa: sifirit a kan kari, murfi mai kyau, wayar lantarki marar lahani, abin kashe wuta, ma'aikaci mai albashi da zai riƙa zagayawa, da kuma ɗaukar hoton kowane samfur da takardarsa a adana a kwamfuta a wani wuri dabam. Bayan haka akan raba samfura tsakanin gidaje 2 ko 3, don kada wuta ɗaya ta cinye duka. Kuɗin wannan duka bai kai na sake gina ɗaki ɗaya da ya ƙone ba. Masu iya magana dai sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.